FILIN MANOMA: TAKI, TOKA DA KANANZIR

Da damina ta ƙarato akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a kasuwanni. Wani ya ce takin zamani kashe gona yake yi, shi ba ya zuba kome sai takin gida irin na kaka da kakanni. Wani kuwa ya ce ai jigilar taki a mangala wahalar banza ce, buhun yuriya guda ya fi jaki ashirin. Ga kuma waɗansu 'yan tireda sun samo wata kalma ta Turawa, watau oganik, suna liƙa ta a jikin kwalabe, wai alama ce ta abin da ba ya cutarwa. Kowannensu yana da ɗan abin riƙewa, amma kowa da kuskurensa, kuma kuskuren nan yana cin kuɗi, wani lokaci ma har rai. Ba a raba gardamar sai an san da me aka yi waɗannan abubuwa.

Mai karatu ya gwada wannan da kansa a gida. Ya sami tsohon cokali biyu, ya ɗiba sukari kaɗan a ɗaya, gishiri kaɗan a ɗayan, ya ɗora su bisa garwashi. Sukari zai narke, ya yi ja, ya yi hayaƙi, daga bisani ya koma baƙin ƙirin kamar gawayi. Gishiri kuwa sai dai ya yi ta ƙara yana tsalle, amma gishirinsa yake, ko a yini ana hura wuta. In aka gwada garin dawa, ko ƙullin gyaɗa, ko busasshen kashin shanu, duk hanyar sukari za su bi. In aka gwada yashi ko toka, hanyar gishiri za su bi.

Baƙin nan da ya rage a cokali shi masana ke kira kabon. Ba daga wuta ya shigo ba, dā ma yana cikin sukarin, wuta ta kori abokan zamansa ne kawai ta bar shi a fili. Masana sun bi asalin abubuwan duniya sun tarar dukansu daga waɗansu sinadarai kamar 90 aka harhaɗa su, kamar yadda ake harhaɗa kalmomi dubbai daga haruffa kaɗan. Waɗanda suka fi shafar manomi su ne kabon, da haidirojin, da oksijin, da naitirojin, da fosfaras, da fotasiyam. Duk haɗin da aka gina shi bisa kabon, yawanci tare da haidirojin, shi ake kira oganik. A ce da shi dangin kabon. Sauran kuwa, irin su gishirin Bilma, da yashi, da ruwa, da tsatsa, da farar ƙasa, su ne inoganik. A ce da su dangin ma'adini.

Rabon bai fita sarai kamar yankan wuƙa ba. Kanwa tana da kabon a cikinta, haka dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti, haka iskar da mutum ke fitarwa in ya numfasa. Duk da haka a dangin ma'adini ake lissafa su, domin halinsu irin na gishiri da duwatsu ne. Wanda ya riƙe wannan ya ishe shi.

Dā can Turawa sun ɗauka dangin kabon ba ya samuwa sai daga abu mai rai, dabba ko tsiro, kuma hannun mutum ba ya iya haɗa shi. Ana nan a kan haka sai a 1828 wani Bajamushe mai suna Friedrich Wöhler ya ɗumama wani gishiri na dangin ma'adini a ɗakin gwajinsa, ya ga ya juye ya zama yuriya, abin nan da ke cikin fitsarin mutum da na dabba. Ashe ba sai da ƙoda ake yinta ba. Manomi ya lura da wannan da kyau: farin takin da yake saye a buhu, da abin da saniya ke zubarwa a turke, yuriya ɗaya ce, ba bambanci ko na ƙwayar zarra. Ga masana, yuriyar buhu ma oganik ce.

GIDAN KANANZIR

A cikin dangin kabon akwai wani gida wanda ya fi kowa sauƙin ganewa, domin abu biyu kaɗai ke cikinsa, kabon da haidirojin. Sunansa haidirokabon. Halin kabon shi ne yana da hannu huɗu, yana kuwa son riƙe ɗan'uwansa. Sai su jeru kamar tsakiya a zare, sauran hannuwan da suka rage su kama haidirojin. Tsawon zaren shi ke raba 'yan gidan.

Ƙaraminsu yana da kabon 1 da haidirojin 4, ana ce da shi mitan. Iska ce. Ita ce ke tasowa ɓul-ɓul in an taka taɓon fadama, ita saniya ke gyatsawa in tana tuƙa, ita kuma ke fita daga rijiyoyin mai a kudu. Mai kabon 3 da mai 4 su ne iskar gas ta girki da ake ɗurawa a tukunya. Daga kamar 5 zuwa 12 an shiga fetur. Kananzir yana kamar tsakanin 10 da 16, man gas na manyan motoci da tarakta ya ɗara shi tsawo, sa'an nan baƙin mai na inji, sa'an nan kakin da ake yin kyandir. Can ƙarshen tukunya kwalta ce ke kwantawa. Gajeren zare yana da sauƙin tashi sama da saurin kama wuta. Dogo yana da kauri da nauyin jiki.

Dukansu a gauraye suke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, shi ne ɗanyen mai. Asalinsa ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka binne tun zamani mai nisan gaske, zafi da nauyin ƙasa suka dafa su. A Nijeriya an fara samunsa da yawa a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Aikin matata, irin wadda aka buɗe a Kaduna a 1980 ko ta kusa da Damagaram a 2011, shi ne ta dafa ɗanyen man ta rarrabe shi bisa ga tsawon zare, mai sauƙi ya hau sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa.

Man gyaɗa da man ja da man kaɗanya ba 'yan wannan gida ba ne, ko da yake su ma dangin kabon ne. Suna da oksijin ƙari, kuma cikin mutum ya san yadda zai narka su. Kananzir kuwa ciki ba shi da abin yi da shi.

Daga nan abubuwa uku suka fito waɗanda kowane mai gida ya kamata ya sani.

Na fari, kada a yarda da kananzir da aka gauraya da fetur. Kananzir na gaske ba ya fid da tururin da zai kama wuta sai ya ɗumama, shi ya sa yake zaune lafiya a cikin fitila yana bin lagwani a hankali. Fetur kuwa ko da sanyin hunturu tururi yake fitarwa, tururin ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa har ya iske murhu. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya mai da fitila ko risho abin fashewa. Ɗan kasuwar da ke auna kananzir da galan ɗin da ya auna fetur, ko bai yi nufin algus ba, ya ɗauki alhakin mutane. Kuma ko da mai kyau ne, ba a ƙara wa fitila mai tana ci.

Na biyu, in yaro ya sha kananzir, abin da yakan faru in an ajiye shi a kwalbar lemo, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada kuma a ɗura masa man ja. Haɗarin kananzir ba a ciki ya fi yawa ba, a huhu yake. Yana da tsinkewa ƙwarai, wajen amai sai ya zarce hanyar numfashi ya ƙona ta. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke shi, a kai shi asibiti nan da nan.

Na uku, baƙin mai da aka juye daga injin ban ruwa ko injin niƙa ba magani ba ne. Waɗansu sukan shafa wa akuya mai ƙazwa, waɗansu su zubar a bakin lambu. Yana ɗauke da dattin inji mai guba, yana toshe ƙasa ya hana saiwa numfashi, in kuwa ya gangara rijiya ya ɓata ta ke nan. Haka leda: ita ma haidirokabon ce, zarenta kabon dubbai, ƙwayoyin ƙasa ba su iya cinta. Ta shekara da shekaru a gona tana nan. Mahauta su ne shaida, gama su ke fid da ita dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu. Wanda ya kwaso takin juji daga birni ya tsince ledar tukuna kafin ya watsa.

ABIN DA SHUKA KE CI

To, a koma kan gardamar taki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shuka ba ta cin taki yadda aka zuba shi. Kabon da take gina kara da zangarniya da shi ba daga ƙasa take samu ba. Ta ganye take jawo shi daga iska, ta haɗa da ruwa da taimakon hasken rana. Abin da saiwa ke sha daga ƙasa 'yan gishiri-gishiri ne na dangin ma'adini waɗanda suka narke cikin ruwa. Kashin shanu dangin kabon ne, saiwa ba ta iya taɓa shi sai gara da tsutsa da ƙwayoyin da ido ba ya gani sun ci shi sun warware shi, sun saki naitirojin da fosfaras a siffar ma'adini. Shi ya sa takin gida ke da jinkiri, shi ya sa kuma ƙarfinsa ke kaiwa baɗi. Takin masana'anta irin su sufa da salfa da kamfa an riga an yi musu wannan aiki, da sun sami ruwa sai sha. Saiwar dawa ba ta san ko naitirojin daga turke ya zo ko daga buhu ba.

Wajen ƙarfi kuwa, mai yabon buhu bai yi ƙarya ba. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, watau buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Salfa tana da kashi 21. Busasshen kashin shanu kamar kashi 1 yake da shi, sau da yawa ma bai kai ba in rana da ruwa sun dake shi a fili. Akawu ya buga lissafi: kafin a sami kilo 23 sai an tara kilo 2,300, nauyin buhu 46 ke nan. Ina mai shanun da zai taka eka goma da haka?

Amma akwai aikin da buhu ba ya yi ko kusa. In taki ya ruɓe yakan bar wani baƙin abu mai laushi a ƙasa, shi ma dangin kabon ne. Shi ke sa jigawa ta riƙe ruwa, shi ke sa laka ta yi sako-sako, shi ke kama gishirin taki ya hana ruwan sama wanke shi zuwa ƙasa inda saiwa ba ta kai. Yawancin gonakin tudu na ƙasar Hausa wannan abu bai kai kashi 1 cikin 100 a cikinsu ba, ga zafi yana cinye shi da sauri. Manoman karkarar Kano da suka daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, jakunansu na jigilar taki daga birni da rani, wannan abu suke mayarwa ko ba su san sunansa ba. Haka mai roƙon Fulani su sauka a gonarsa bayan girbi, haka mai barin gawo a tsaye.

A gidan gona na Samaru, kusa da Zariya, an fara wani gwaji a 1950, an yanka fili ƙanana-ƙanana, wani a zuba masa kashin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani duka biyu, wani a bar shi haka, shekara da shekaru. An kwaikwayo shi ne daga na Rothamsted ta Ingila, inda ake shuka alkama a fili ɗaya tun 1843. Abin da ya bayyana a Samaru shi ne, filin da aka dinga zuba wa salfa ba takin gida ƙasarsa ta yi tsami, amfaninsa ya ja baya. Wanda aka haɗa wa biyun shi ya riƙe ƙarfinsa. Ashe mai cewa takin zamani na kashe gona ya ga wani abu na gaske, sai dai bai faɗe shi daidai ba. Rashin mayar da dangin kabon shi ne cutar. Mai zuba buhu kaɗai kamar mai ba doki kanwa ne ya hana shi ciyawa.

Nan ne kuma ake ganin hasarar ƙona gona. In wuta ta ci kara da ganye, kabon ya bi hayaƙi, naitirojin ma ya bi shi. Abin da ke raguwa toka ce, dangin ma'adini zalla, mai fotasiyam da ɗan fosfaras. Toka tana da amfani, tana ma rage tsamin ƙasa, amma kamar mutum ne ya ƙona rumbu don ya sami toka. Karan da ya bi ta cikin dabba ya komo gona ya fi wanda ya bi ta cikin wuta nesa ba kusa ba.

INDA GAS DA TAKI SUKA HAƊU

'Yan kasuwa sukan yi mamakin yadda kuɗin taki ke bin kuɗin gas. Dalili kuwa a fili yake. Iskar da ake shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma dawa da masara ba su iya ɗibar ta. Sai gyaɗa da wake da danginsu, su ma da taimakon ƙwayoyin da ke zaune cikin 'yan ƙullutun saiwarsu. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a tilasta wa naitirojin ta iska ta haɗu da haidirojin ta zama amoniya, Carl Bosch kuma ya kai abin ga masana'anta a 1913. Yau yawancin masana'antu daga mitan suke cire haidirojin ɗin, sa'an nan su komo da kabon ɗin su haɗa da amoniya, sai ga yuriya. Haka ake yi a Onne da Eleme kusa da Fatakwal, haka a babbar masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Lekki ta Legas a 2022. A wannan shekara ta 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ta da kuɗin gas, kuɗin taki ya tashi a duniya duka, har ya iso manomin da bai taɓa jin sunan Yukiren ba.

Tun da abin ya yi tsada haka, bai kamata a bar shi ya bi iska ba. Yuriya in ta taɓa ƙasa mai danshi, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin ƙasa sun juya ta ta koma amoniya. In tana binne ƙasa ta kama; in a sarari aka watsa ta cikin zafin rana, sai ta tashi, har a yi hasarar rubu'i ko fiye. A tona ɗan rami kamar tsawon yatsa nesa da gindin shuka, a zuba, a rufe. Kada a gauraya ta ko salfa da toka, gama toka na korar amoniya. Mai shakka ya haɗa kaɗan da danshi a gwangwani ya sansana. A ɗora buhu bisa itace, a ɗaure bakinsa, domin tana shan raɓa ta dunƙule. A kuma nisanta ta daga awaki da tumaki: suna lasa kamar gishiri, ta zama amoniya a tumbinsu, su kumbura su mutu cikin sa'a kaɗan.

Mai sayen yuriya a tiya yana da hanyar gane algus. Ya zuba cokali guda a rabin kofin ruwa ya motsa. Ta gaske takan narke ƙaf, kofin kuma ya yi sanyi a hannu. In yashi ko garin dutse ya kwanta a ƙasa, an cuce shi.

Saura kalmar nan da ake liƙawa a kwalba. A kasuwannin Turai, in an ce amfanin gona oganik ne, ana nufin an noma shi ba takin masana'anta ba maganin feshi na masana'anta, kuma akwai masu duba gona su ba da takardar shaida. Wannan ma'ana dabam ce da ta masana, kuma ba kowane mai buga ta a kwali ke da takardar ba. Wajen masana kuwa, mafi yawan gubar da ake fesawa dangin kabon ce. DDT da gamalin haidirokabon ne da aka cusa musu wani sinadari mai suna kulorin. Ba su narkewa cikin ruwa sosai, sai cikin kitse. Sukan daɗe a ƙasa shekaru, su shiga kifi da nonon saniya har da na uwa. Saboda haka ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Sitokhom a 2001 suka taƙaita DDT, a 2009 kuma aka shigar da sinadarin gamalin cikin abubuwan da aka hana. Fiya-fiya da waɗansu ke yayyafa wa wake a sito ita ma dangin kabon ce, kuma ragowarta ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Wake ba ya bukatarta: in ya bushe sarai aka zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai murfi wadda ba ta taɓa ɗaukar mai ba, aka cika aka toshe, ƙwarin sukan cinye iskar da ke ciki su mutu da kansu. Sharaɗin kawai kada a riƙa buɗewa ana leƙawa.

Mako mai zuwa za a yi bayanin yadda ake haƙa ramin taki da yadda ake jera kara da kashin dabbobi a cikinsa.